Hannun Daman Barkono

Barkono ake ce masa a layin gareji, kuma wanda ya raɗa masa sunan bai zalunce shi ba. Mai gyaran wayar mota ne, gajere kakkaura, hannunsa ya fi bakinsa sauri. Ya taɓa fasa wa wani direban tifa leɓe da filaya don ya kira shi ɗan tsurut. Mai walda da ke maƙwabtaka da shi kuwa ya sha gudu har bakin titi. Duk da haka motoci ba sa yankewa a rumfarsa. In fitila ta mutu ko hon ya shaƙe, nan ake zuwa, a haɗiye zagi a tafi da gyara.

Mutum ɗaya yake raga wa a duniya, ƙanwarsa, wadda ya riƙe tun rasuwar uwarsu. Mijinta direban bas ne, dogo mai yawan dariya, ana ce masa Ba-Komai saboda kalmar ba ta barin bakinsa.

Wata safiya da damina Ba-Komai ya kawo bas ɗin. Fankar da ke hura iska a gilashin gaba ta daina aiki. In ruwa ya sauko fasinja suka rufe tagogi, sai numfashinsu ya kwanta a gilashin ta ciki, ya yi fari kamar an shafa masa toka.

Barkono ya kwanta ƙarƙashin sitiyari. Ya duba fis, lafiya lau. Ya jawo waya daga batir ya ɗora wa fankar kai tsaye, ko motsi. Ya kai hanci, ya ji ƙauri.

"Injinta ya ƙone. Sai na kwance na sake naɗin wayar. Bar motar nan sai gobe."

"Haba Yaya, ba komai. Ga tsumma ina gogewa."

"Tsumman gidanku! Hannu ɗaya a sitiyari, ɗaya a gilashi, hanyar kuma wa zai duba maka? Ka taɓa motar nan in karya ka."

Ba-Komai ya yi dariya. Barkono na shiga ciki neman sukuddireba, ya ji tashin inji.

Bayan azahar sama ta ɓalle da ruwa kamar da bakin ƙwarya. Barkono na jan leda a kan kayan aikinsa sai ga mai faci a guje, jiƙe sharkaf.

"Mijin ƙanwarka ya take mutum a mararrabar kasuwa! Za su kashe shi!"

Ya suri sifanar taya ya fita ba takalmi.

Bas ɗin ya karkace a kan kwata, gilashinsa fari fat, sai ɗan wurin da tsumma ya share. A gabansa wani tsoho mai tura baro na kwance, ƙafarsa ta juya inda ƙafa ba ta juyawa. Ba wanda ya kula shi. Jama'a duk sun rufu a kan direban, mai gora, mai dutse, mai ƙafar benci. Ba-Komai na cikin taɓo, jini na bin ruwa daga kansa.

Barkono ya kutsa cikinsu. Na farko ya samu sifana a kafaɗa, ƙashi ya ce ƙas. Na biyu, wani mahauci, ya sha ta a muƙamuƙi ya zube yana tofar da haƙora. Aka dare, aka sake rufowa. Gora ta sauka a kunnen Barkono, duniya ta yi shiru ta gefe ɗaya. Yana juyawa ya hangi wani ƙato ya ɗaga bulo da hannu biyu saitin kan Ba-Komai. Sifana ba za ta kai ba. Ya yar da ita ya faɗa kan mijin ƙanwarsa, ya rufe masa kai da hannunsa.

Bulon ya sauka a kan yatsun.

Mutumin da ya ƙare rayuwarsa yana duka, ranar ya kwanta aka dake shi kamar sakwara a turmi, bai ɗaga ba. Sai da 'yan sanda suka harba barkonon tsohuwa taron ya watse. Mai faci har yau yana cewa barkono ne ya ceci Barkono.

A asibiti aka kwantar da shi da Ba-Komai gado da gado. Da Barkono ya farfaɗo, ƙanwarsa na tsakaninsu tana kuka. Ba-Komai, kai naɗe da bandeji, ya miƙo wuya.

"Yaya, ka yafe..."

Barkono ya lallaɓa ya sauko, ya ɗauke shi da mari da hannun hagu, har nas ta saki faranti. Sannan ya koma ya kwanta.

Tsohon ya rayu, da sanda yake tafiya. Ba-Komai ya bar tuƙi, yana sayar da man juyen inji a bakin titi, dariyar ma ta ragu. Barkono ya rasa yatsu biyu, sauran sun ƙage, kunnen dama bai dawo ba. Da hagu ya koyi murɗa waya, a hankali, yana tsinewa. Mahaucin nan kullum da safe yakan wuce ta gaban rumfar da cinyar saniya a kafaɗa. Su kalli juna, kowa ya ci gaba da abin da yake yi.