Shekara Bakwai da Ruwan Kpakungu ya Ci Yaya Adamu

Bana shekara bakwai ke nan da rasuwar yayana, Malam Adamu. Ana ta ce mini in yi haƙuri, kuma ina yi. Amma zuciyata ba ta huce ba, domin abin da ya kashe shi yana nan tsaye inda yake.

Yaya malamin kimiyya ne a wata sakandare a nan Minna, kuma a hannunsa na taso. Ko a gida ba mu tsira daga darasi ba. Sai ya soke lemo da tsinke, ya karkata shi, ya zaga da shi gefen fitila, yana nuna mana yadda duniya ke kewaya rana a karkace, har damina da rani su riƙa zuwa kowace shekara ba fashi. Wani lokaci ya saki cokali ya faɗi, ya ce, "Hajara, wa ya ja shi?" In ce ƙasa ce. Ya ce, "To haka take jan ruwa. Ruwa bai san babban mutum ba, gangare kawai ya sani."

Shi ya sa da wani attajiri ya fara jera shaguna a kan magudanar da ta bi ta bayan gidajenmu a unguwar Kpakungu, Yaya ya kasa zama. Ya nemi mai ginin, aka ce ya yi tafiya. Ya bi ofis-ofis yana bayanin cewa ruwan da ke saukowa daga tudu dole ya sami hanya, in an toshe masa wannan, ɗakunan mutane zai shiga. Wani ma'aikaci ya yi dariya ya ce, "Malam, nan ba aji ba ne."

Daminar farko da ƙyar muka sha. A ta biyu, wata la'asar sama ta kece da ruwa, layinmu ya koma kogi. Maƙwabciyarmu Mama Laraba, tsohuwa mai ciwon ƙafa, ta maƙale a ɗakinta tana ihu. Yaya ya kutsa ya goyo ta, ya miƙa ta ga mutanen da ke kan tudu. Yana juyowa katangar da ruwa ya cinye wa gindi ta rufto masa.

Mai shagunan ya zo gaisuwa cikin babbar riga, ya ce ƙaddara ce. Na yi imani da ƙaddara. Amma Allahn da ya sa ruwa ya gangara, Shi ne ya ba mu hankalin sanin haka. Hausawa na cewa wanda bai ji bari ba ya ji hoho. A layinmu ba haka aka yi ba. Waɗanda suka ƙi jin bari suna nan garau, wanda ya ce a bari shi muka kai makwanci.

Da Yaya zai leƙo yau, me zai gani? Shagunan sun ƙara bene. Kwatocin garin nan daga unguwar Tunga har Shango cike suke da leda. Duk shekara in ruwa ya yi ɓarna, manya su zo jaje suna mamaki, sai ka ce damina baƙuwa ce da ta sauka ba sallama. Na san ba zai yi zagi ba, ba halinsa ba ne. Ni ce ba ni da wannan sanyin.

Bai bar gida ba, bai bar mota ba, ba a sa wa ko lungu sunansa ba. Amma kwanakin baya wani magini ya tare ni a kasuwa, ya ce Yaya ya koyar da shi a makaranta. An ba shi aikin gini a kan wata magudana, ya tattara kayansa ya tafi, mai aikin na zaginsa. Ya ce, "Anti, na rasa aikin, amma ba da hannuna za a kashe wani ba."

Allah ya jiƙanka, Yaya. Mutum ɗaya ya ji ka. Sauran kuwa ban yafe musu ba tukuna, ga kuma hadari ya fara haɗuwa a gabas.