Mai Ciki a Ƙofar Gari

A gidanmu na Kore Mairuwa, da an gama kai gero rumbu sai maza su watse cin rani. Babana ya yi Kwatano, ƙannensa su yi Legas ko Abijan, a bar gida da mata da yara da kakarmu Ayya, mahaifiyar babana. Haihuwa goma sha ɗaya ta yi, huɗu suka rayu, amma mu jikoki mun cika mata tsakar gida har takan rikita sunayenmu. Da an ci tuwo bayan magariba sai ta hura wutar kara a bakin ɗakinta, ta zube gujiya a tabarma. Wanda bai ɓare ba, ba ya jin tatsuniya.

Wata shekara autanta, Baba Illa, ya dawo tun rani bai yi nisa ba. An kwashe su a mota daga ƙasar da yake aiki, an ce baƙi sun yi yawa. Da rigar jikinsa kaɗai ya iso. Ran nan ya zauna nesa da wuta, kansa a ƙasa. Ayya ba ta dube shi ba, ta gyara zama ta ce, "Ga ta nan tahe, ku ba ta wuri." Muka ce ta shigo, mun share mata.

Wai an yi wani gari mai ganuwa, mutanensa suka yi ta haihuwa, baƙi kuma suka yi ta zuwa saboda rijiyarsa ba ta ƙafewa. Sarki ya hau soro ya ga kawuna, tsoro ya kama shi, ya ce rumbuna ba za su kai ba. Ya sa aka tsuke ƙofar gari sai mutum ɗaya a karkace, ya kafa doka: ba mai shiga sai wani ya fita.

A garin akwai Gwamma, mai dakau. 'Yarta tana aure a wani gari, cikin fari ya tsufa, ta taho gida haihuwa kamar yadda aka saba. Dogari ya tare ta. Gwamma ta zo da gudu, taɓarya a hannu don daka take yi, ta ce ita za ta fita, 'yar ta shiga. Dogari ya dubi cikin ya ce, "Ke ɗaya ce, wannan su biyu ne."

A nan Ayya takan ajiye gujiya ta miƙe, da tsufanta, ta nuna mana yadda Gwamma ta ɗaga taɓarya ta kai wa gefen ƙofa duka. Dam! Ƙasa ta zube. Dam! Matan unguwa suka ji, kowace ta bar turminta ta zo da tata. Kafin dogarai su taru, an yi kafar da raƙumi zai wuce da kayansa.

Aka kai Gwamma fada. Ba ta durƙusa ba. Ta ce, "Ranka shi daɗe, uwarka 'yar wane gari ta?" Kowa a fada ya san a kan takarkari aka kawo uwar sarkin amarya daga nesa. "Da ta iske ƙofar ga haka, wa za shi hau soro yau shi ƙidaya mu?"

Na tambaya, "Ayya, sai sarki ya yafe mata?"

"Wane yafe? Bulala ta sha, har bayanta ya tsage. Amma ɗiyar a ɗakin uwarta ta haihu." Ta juya wajen Baba Illa. "Kai kuma ɗaga kanka. Ba sata ka yi ba, hatsi ka tahi nema."

Yau ni ungozoma ce a wani asibiti a Dogon Dutsi. Kusan kullum rediyo na kawo gardamar 'yan siyasa: mun fi gero saurin yaɗuwa, a ƙara tsaro a iyaka, a san wa ke shigowa. Ba na cewa duk ƙarya ne. Gonar da babana ya noma shi kaɗai, 'yan'uwana shida ne suka raba ta. Ni kaina nakan zaunar da mata in ce su huta tsakanin haihuwa da haihuwa, don na ga abin da gwarne ke yi wa jiki, kuma na san Ayya ta binne bakwai.

Lokacin da aka rufe iyaka, magani ya yi ƙaranci, majo, wato shugaban asibitinmu, ya ce duk wadda ba ta da takardar ƙasa a tura ta gaba. Wata safiya kabu-kabu ya sauke wata yarinya daga ɓangaren Kebbi. Ta biyo daji ne za ta wurin mahaifiyarta a Dumega, naƙuda ta kama ta a hanya, direban ya zarce da ita wurinmu. Faya ta riga ta fashe. Majo ya tsaya a bakin ƙofa ya ce, "Madam, kin san umarni."

Na ce, "Na sani, Majo. Ka rubuta ni. Amma matsa min hanya."

Kafin azahar ta haifi mace. Washegari takarda ta same ni, in bayyana dalilin saɓa umarni, aka kuma hana ni ƙarin girman da nake jira a shekarar.

Da ina ƙarama na ɗauka tatsuniyar Ayya a kan mugun sarki ce. Yanzu na ga tsoronsa gaskiya ne, rumbu yakan ƙare. Abin da ya kasa gani shi ne, duk wanda ya tare a ƙofa ɗan wani ne, kuma namu suna tsaye a ƙofofin wasu. Masu mulki su yi ta lissafinsu, su faɗaɗa gona, su gina makarantu, su yi magana da mata kamar masu hankali. Amma kada su miƙo min lissafin nan a kan mace mai naƙuda.

Layi biyu na rubuta a takardar: "Ta zo da naƙuda, na karɓi haihuwa. In wata ta zo gobe, haka zan yi."