Rijiyar da Kaka Ba Ta Ƙarasa Labarinta Ba

A Jikwoyi na tashi, a wani gidan haya mai ɗakuna a jere, lokacin da Abuja ke cika da baƙi kamar ana zuba su da kwando. Baba ya baro Zariya ya buɗe shagon kayan masarufi a bakin titi, Umma kuma tana taya shi tsaro. Da ya ga ciniki ya kama, sai ya je ya ɗauko mahaifiyarsa, wai kada ta zauna ita kaɗai a ƙauye. Ita muke kira Kaka.

Kaka ba ta taɓa yarda da risho ba. Ta ce abincinsa warin kananzir yake yi. Da kanta ta sa aka saya mata murhun gawayi, kuma bayan magariba, idan an ɗauke wuta, nan muke taruwa: ni, ƙanwata Zulai, da 'ya'yan maƙwabta waɗanda Hausarsu ta tsakar gida ce. Takan tura garwashi da tsinke, ta gyara zama, ta ce, "To, ku matso, baƙuwa ta iso." Mu kuma mu ce, "Mun shimfiɗa mata tabarma."

Tatsuniyoyinta da yawa na manta su. Ɗaya ce ta zauna min, watakila don ita ce kaɗai ba ta ba mu dariya ba.

Wai akwai wata tsohuwa mai 'ya'ya da yawa, duk sun watsu a duniya. A bayan garinsu akwai wata rijiya: idan ka leƙa ka faɗi irin mutanen da kake son gani, sai ruwan ya nuna maka su, su kaɗai. Kullum da safe autarta ke riƙe mata hannu har bakin rijiyar. Tsohuwa ta leƙa ta ce, "Nuna min 'ya'yana masu dawakai." Ruwa ya nuna su. Gobe ta ce, "Nuna min waɗanda ke zaune a birni." Jibi ta ce, "Nuna min waɗanda suka yi karatu." Ta yi murna, ta sa musu albarka, auta ta mayar da ita gida ta dama mata kunu.

Rannan auta ta tafi daji yin itace, ba ta dawo ba. Tsohuwa ta lallaɓa da sanda har rijiya, ta buɗe baki ta ce, "Nuna min..." sai ta tsaya. Yarinyar ba ta da doki, ba ta birni, ba ta yi karatu ba. Duk abin da ta ambata, wasu ne ke fitowa. Da ta gaji sai ta ce, "Nuna min kowa da kowa." Ruwa ya cika da fuskoki, wata kan wata, har idonta ya kasa rabewa.

Nan Kaka ta tsayar da labarin. Blessing, 'yar ɗakin da ke kallon namu, ta ce, "Kaka, yarinya ɗin ya mutu?"

"Ni ma ban sani ba, 'yar nan," in ji Kaka. "Wadda ta ba ni labarin ba ta ƙarasa ba. Ku tashi, garwashi ya mutu."

Da na shiga aji ɗaya na sakandare, Kaka ta ce sai an mayar da ita ƙauye. Baba ya yi ta lallashi, ta ƙi. Can ta rasu, muna tsakiyar jarrabawa, ba a je da mu ba.

Yanzu ina zaune a Lugbe, ni kaɗai a ɗaki da falo. Zulai ta yi aure a Kano, su Baba sun koma Zariya. Aikina a wani kamfanin yogot ne da ke sayen madara daga masu kiwo a gefen birni. Ni ke haɗa abin da muke kira dashbod: allo ne a kwamfuta da ke nuna wa manya yadda aiki ke tafiya, da ginshiƙai da taswira, ba sai sun karanta dogon rahoto ba. A gefensa akwai 'yan akwatunan zaɓi, su ne filta. Ka danna "Lugbe", duk abin da ke allon ya koma na Lugbe kaɗai. Ka ƙara da watan azumi, ya sake tsukewa, sai abin da ya cika sharuɗɗan biyu zai rage. Ko ginshiƙi ɗaya ka taɓa, sauran zanen sai su bi shi. Ba a goge komai. Ɓoyewa kawai ake yi, kana cire filta komai ya dawo.

Wata rana aka yi taron rage motocin ɗauko madara. Ogana, Malam Nasiru, ya riƙa danna unguwanni ɗaya bayan ɗaya. Da ya zo kan hanyar Karshi, ginshiƙin ya fito ɗan guntu. Ya ce, "To kun gani. Motar nan mai kawai take sha." Aka janye ta a makon.

Daga baya ina gyara allon sai na lura da wani abu. Idan babu filta, madarar da aka nuna ta fi abin da unguwannin ke bayarwa in an haɗa su. Na bi sawu. Ashe akwai mata da yawa da ba a rubuta musu unguwa ba. Matan ruga ne, idan mai rubuta sunayensu ya ce "ina kike zaune?" sai su ce "can bayan dutse", shi kuma ya bar wurin babu komai. Wanda ba shi da unguwa kuwa, duk unguwar da ka danna ba zai fito ba. Kusan dukansu motar Karshi ce ke ɗaukar madararsu.

Na ƙara wani zaɓi a akwatin, na sa masa suna "Babu unguwa", na kai wa Malam Nasiru. Ya danna, ginshiƙi ya miƙe. Ya daɗe yana kallo.

"Innalillahi. Rabi, waɗannan duk mutane ne?"

"Mutane ne, Oga."

"An riga an ba wa motar wata hanya. Amma bari in ga abin da zan yi."

Ya yi ƙoƙari, sai dai takardu sun ci makonni. Ranar da motar ta koma, na roƙa aka tafi da ni. Akwai wata bishiyar ɗorawa inda matan ke taruwa. Kaɗan muka tarar. Wata dattijuwa ta sauke ƙwaryarta, ta dube ni daga sama har ƙasa.

"Ke ce ta ofis?"

"Ni ce, Inna."

"Mun yi ta zuwa muna zama a nan har rana ta take, madara ta yi tsami a gabanmu. Babu wanda ya zo ya ce mana an daina."

Na tambaye ta ina sauran matan suke. Ta nuna gabas da haɓa, ta ce sun ɗaure kaya sun yi gaba da shanu, ba ta san inda suka sauka ba. Na ba ta haƙuri. Ta ce ba komai, ta miƙa wa direba madararta.

Ina yarinya na ɗauka labarin rijiyar nan gargaɗi ne ga iyaye masu fifita wasu 'ya'ya. A hanyar dawowa, cikin motar da ke warin madara, wani tunani dabam ya zo min. Baba yana shago tun safe, Umma tana tare da shi, mu muna makaranta. Maƙwabta ba sa jin rabin Hausar Kaka, ita ma ba ta jin tasu. Ba ta san hanyar kasuwa ba. Mukan tambaye ta abinci, mukan tambaye ta tatsuniya, ban tuna wani ya tambaye ta wani abu bayan wannan ba.

Da Asabar ta zo na kira Baba. Bayan gaisuwa na ce, "Baba, wai lokacin da muke Jikwoyi, in duk mun fita, me Kaka take yi har yamma?"

Na ji ya rage sautin rediyonsa.

"Wallahi, Rabi, ban sani ba," ya ce. "Nakan dawo in same ta a bakin ƙofa. Na ɗauka iska take sha."