Katin Ermete Di Fonzo

Shekara ashirin da ɗaya Ermete Di Fonzo ya yi yana tsaron baya a ƙananan ƙungiyoyin ƙwallon ƙafa na lardin Abruzzo, ƙungiya tara, babu wadda filinta ke da ciyawar kirki. Litinin zuwa Asabar yana shimfiɗa tayil a gidajen mutane, Lahadi ya ɗaura takalmi. Sau ɗaya wata babbar ƙungiya ta kira shi gwaji, ya dawo bayan kwana uku, ya ce taliyarsu ta cika dahuwa. Har yau ba a san ainihin abin da ya faru ba.

A watan Mayun nan ya ce wasan rufe kaka shi ne na ƙarshensa. Rabin gari ya zo, har da mahaifiyarsa da kujerarta.

Kafin kowane wasa alƙali yakan shiga ɗakin sauya kaya da katunan shaida. Ya kira sunan dangi, ɗan wasa ya amsa da sunansa da lambar rigarsa. Alƙalan lardin duk sun san Ermete, sun daɗe da daina buɗe katinsa. Amma na ranar baƙo ne, yaro ɗanye, wasansa na farko a yankin.

“Di Fonzo.”

“Ermete, biyar.”

Alƙalin ya dubi hoton saurayi mai gashi har kafaɗa, ya dubi sanƙon da ke gabansa, ya juya katin.

“Yallaɓai, wannan ya mutu shekara huɗu.”

“Katin ko gashin?” in ji mai tsaron gida. Aka yi dariya, ban da mutum biyu: Ermete da alƙalin.

Doka ta yarda alƙali ya shigar da wanda ya sani da kansa. Aka kirawo Quirino, kyaftin ɗin abokan hamayya, ya nuna karkataccen hancinsa.

“Ɗana, na san shi. Ga sa hannunsa nan.”

“Kai ka san shi, baba. Ni ne ban san shi ba.”

Ermete ya ɗan tsaya, sannan ya cire rigar, ya ninke ta. Ya kalli wasan ta bayan wayar shingen fili, yana juya wa mai sayarwa tsiren tunkiya, yana yi wa wanda ya maye gurbinsa faɗa.

Matarsa ta ce sau biyu yana zuwa ofishin sabunta kati. Da an ce za a karɓe tsohon da hoton jikinsa, sai ya juyo gida.