Kaset ɗin da Ba Ya Komawa Baya

Mijina matsoraci ne, kuma ba zaginsa nake yi ba, shi ma ya sani. Mutum ne da zai kulle shago, ya yi taku goma, ya dawo ya girgiza kwaɗon, ya tafi, ya sake dawowa. Amma tsoron nan ne ya ciyar da mu shekara da shekaru, don a sana'arsa mai garaje ba ya daɗewa.

Mai-Juyi ake ce masa a layinmu. Da gyaran rediyo ya fara, a ƙarƙashin matakalar wani bene, har ranar da wata mata ta zo tana zazzaga masifa. Ta aika wa ɗanta da ke ƙetare kaset ɗin bidiyo, ya saka, hoto ya yi ta birgima baƙi da fari, ba a gane kan kowa. Mijina ya bi diddigi ya gano cewa talabijin ɗin can da na nan ba tsari ɗaya suke bi ba, namu PAL, nasu NTSC. Sai ya sayar da babur ɗinsa ya sayi injin da ke juya wannan zuwa wancan. Kwana uku ban yi masa magana ba saboda babur ɗin nan.

Shagon ɗaki ɗaya ne, tsakanin tela da mai fenti. Injin hagu yana karanta kaset na asali, akwatin juyi na tsakiya, injin dama yana ɗauka a sabon kaset, ga ƙananan talabijin biyu a sama. In kaset na awa uku ne, awa uku zai zauna ya zuba masa ido. Da zarar hoto ya ƙare, farin yayyafin nan mai shuuu ya cika gilashi, sai ya ƙirga goma ya tsayar da injin dama, don mutanen ƙetare ba sa son a aika musu da rabin kaset na hayaniya. Nan take zai zaro sabon kaset ɗin ya ɓalle ɗan haƙorin da ke bayansa, yadda ba wanda zai iya sake ɗaukar wani abu a kai. Injin hagu kuwa yakan bar shi ya ƙarasa naɗe zarensa da kansa. Shekara goma sha tara yana haka, bai taɓa ɓata wa kowa kaset ba.

Wata Laraba na kai masa abincin rana, na tarar da wani direban babbar mota a tsaye, riƙe da kaset a cikin leda.

"Na mahaifiyarmu ne, wata huɗu ke nan da rasuwarta," in ji shi. "Yayata tana can ƙetare tana aikin jinya. Shekara goma sha ɗaya ba ta zo ba, ko jana'iza ba ta samu ba."

Muka yi masa gaisuwa. Ya ce rabuwar ba ta yi daɗi ba, tsohuwar ba ta so tafiyar, har ta ce mata in ta tafi ta tafi ke nan. Tun daga nan ko a waya daga gaisuwa sai ta miƙa wa wani. Shekara shida da suka wuce ya aro kyamara kowa ya gaida yayar, tsohuwar ta faɗi kalma biyu ta kau da kai, shi kuma haushi ya hana shi aikawa. Yanzu ne ya tsinci kaset ɗin a ƙasan akwatin kayanta, inda danshi ya shiga. Ba su da wani hotonta mai motsi, ba su da muryarta a ko'ina.

Mijina ya ɗaga murfin kaset ɗin ya leƙa. Funfuna ta yi wa zaren fari fat. Ya gwada rabin minti, da ya tsayar sai zaren ya manne a cikin inji, da ƙyar ya ɓamɓaro shi, ya yanke taƙi guda ya haɗa. Audugar da ya goge injin da ita ta fito da wani gari ja kamar tsatsa.

"Malam, wannan garin shi ne hoton," ya ce wa direban. "Yana wucewa yana zubewa. Sau ɗaya zai tafi, ba tsayawa, ba komawa baya. Ka kai wa wani, don Allah."

"Wa zan kai wa? Kai kowa ke faɗa. Abin da ya fito Allah ne ya ba mu." Ya ajiye ya tafi lodi.

Ranar ban koma gida ba. Mijina ya tayar da janareto duk da akwai wuta, ya roƙi tela kada ya jona dutsen guga, ya zaunar da ni a bakin ƙofa in kori duk mai sallama. Ya yi bisimilla ya danna. Minti arba'in muka yi, shi gumi na ɗiga daga haɓarsa, ni kuwa ko tari ina tsoron yi. Jikoki suka yi tsalle-tsallensu, maƙwabta suka gaisa, sannan ga tsohuwar a kan kujera, siririya, fuska a ɗaure. Ta ce, "Muna lafiya. Ki kula da kanki." Ta juya kai. Yayyafi ya sauko.

Ya ƙirga goma, ya tsayar, ya zaro sabon kaset, ya ɓalle haƙorin, ya sauke wata ajiyar zuciya da ta kusa kashe fitila. Har na fara buɗe masa kwano. Ashe bayan tiya akwai wata caca.

Talabijin ɗin hagu ya yi ƙif, sai ga rabin fuskar tsohuwar a karkace, rabin gilashin silin ne. Da alama bayan kowa ya fita ta zauna ta yi ta danne-dannen kyamarar har abin ya kama.

Mijina ya mayar da kaset ɗin da ya zaro cikin injin dama ya danna jan maɓallin ɗauka, injin ya tofo shi, tunda ba haƙori. Ya rarumo wani sabo, ledarsa ta ƙi yaguwa, yana ja da farce yana ja da haƙora.

"Tsayar da na hagun mana!" na daka masa tsawa.

"Zai tsinke!"

Tsohuwar kuwa tana magana a hankali. "'Yar nan, ni ban iya magana a gaban mutane ba. Ba fushi nake da ke ba. Tsoro nake ji kada in mutu ba kya kusa. Na yafe miki duniya da lahira, ke ma ki yafe mini bakina. Ki riƙa sa rigar sanyi." Ta matso har idonta ya cika gilashin. "To yaya ake kashe abin nan?"

Lokacin da leda ta yage, yayyafi ya riga ya dawo. Ya mayar da zaren baya ya gwada sau biyu, babu komai sai shuuu. Daga baya ne ya gane da ya tsayar, taƙi ɗaya kawai za a rasa, kuma wannan ya fi komai cin sa. Ya ɗauki biro ya rubuta maganarta a bayan kwalin kaset, yana tambayata kalma-kalma ko haka na ji.

Kwana biyu ba ya cin abinci, ko babur ya tsaya a ƙofa sai ya zabura. Ni kuwa, Allah ya yafe mini, shawarar banza na ba shi.

"Baban yara, wa ya san da wannan wutsiyar kaset ɗin? Direban ma bai sani ba. Ka miƙa abin da aka kawo ka juya, ka rufa mana asiri. In maganar nan ta fita, wa zai sake ba ka kaset?"

"Na sani," ya ce. "Amma saƙo ne, kuma mu biyu kaɗai ya rage wa."

Na yi tsaki, don na san gaskiya ya faɗa kuma ba na son jin ta.

Ranar Asabar da hantsi direban ya zo. Mijina ya gaya masa komai a tsaye, hannu a baya kamar mai jiran bulala. Mutumin ya zaro waya ya kira yayarsa, ya buɗe murya ya ajiye a kan tebur.

"Ranki ya daɗe, ni ne mai juya kaset," in ji mijina. "Na yi miki ɓarnar da ba zan iya gyarawa ba." Bai ɓoye ko ɗaya ba, har haƙorin, har ledar, har tsoron da ya hana shi tsayarwa. Ya ce ya rubuta abin da ta faɗa, in ta yarda zai karanta mata.

Ni dai ina jiran zagi, ina jiran ta ce Allah ya isa.

"Malam," in ji yayar, "kai kaɗai ka ji?"

"Da matata."

"Tana nan?"

"Ga ta."

"Don Allah ita ta faɗa mini. Da muryar mace nake so in ji."

Ya turo mini kwalin. Ni da na ce a binne maganar, ni aka miƙa wa ita. Ban ma buƙaci rubutun ba. Na sunkuya kusa da wayar, na sassauta murya yadda tsohuwar ta yi.

"'Yar nan," na ce.

Daga can ƙetare ta amsa, "Na'am, Mama."