Na Ga Kukan Kakata A Fim Ɗin Turawa

Assalamu alaikum Edita da masu karatu. A lokacin da wannan abu ya same ni, ina aiki a ɗakin magani na wani ƙaramin asibiti a Tudun Wada, ban yi aure ba, kuma ba abin da nake so kamar kallon tsofaffin finafinai. Asalina ɗan Riruwai ne. Kakata ta wajen uba ce ta raine ni har Allah Ya yi mata rasuwa. Abin da na sani game da kakana shi ne ramin haƙar kuza ya rufta masa lokacin mahaifina yana goye, ba a taɓa ƙara min komai a kai ba.

Muna da majalisa a shagon wani abokina mai gyaran waya, inda mukan kalli fim ranar Lahadi bayan la'asar. Wata rana wani daga cikinmu, mai karatun aikin jarida a jami'a, ya zo da wani tsohon fim na Turawa. Ya ce muninsa ya sa mutane da yawa ba sa iya kallonsa, amma yana da masoya masu nemansa ruwa a jallo, kuma nasa kwafin na musamman ne, don an ɗora muryar wani farfesa yana sharhi tun daga farko har ƙarshe. Labarin wasu matafiya ne da suka faɗa hannun masu cin naman mutane a Afirka. Jini ko'ina, ana daddatsa dabbobi da ransu a gaban kyamara, shi kuwa farfesan yana bayani cikin sanyin murya, yana 'yar dariya kamar mai ba da labarin biki.

Can tsakiyar fim ɗin sai farfesan ya ce mu lura, wannan wurin ba wasa ba ne, hoton gaske ne daraktan ya ɗauko ya cusa. Sai ga duwatsun da na taso ina hawa. Ga mutane sun kewaye bakin rami, an shimfiɗe wani mutum jikinsa duk jar ƙasa, ba ko ƙyalle a kansa. Wata matashiya da goyo ta durƙusa tana miƙa hannu. Da kyamara ta matso na ga tsagar fuskarta, na ga wushiryarta, na ga tabon ƙunar da ke wuyan hannunta, wanda nakan shafa ina yaro idan tana ba ni tuwo. Kakata ce. Gawar ta kakana ce, jaririn da ke bayanta mahaifina. A ƙarƙashin kiɗan gangunan da masu fim ɗin suka ɗora, na ji muryarta sarai tana cewa, "Ku rufe shi, don Allah ku rufe shi." Rubutun Turancin da ke ƙasa kuwa cewa ya yi tana roƙon a ba ta nata kason naman.

Farfesan ya yaba yadda haske ya faɗa a fuskarta. Ya ce masoyan fim ɗin sun fi son wannan wurin, ba wanda ya san ko su wane ne mutanen, kuma sanin ba shi da wani amfani. Na miƙe na zare wayar talabijin ɗin. Da na gaya musu abin da na gani, mai shagon ya yi salati ya sunkuyar da kai, amma ɗan jami'ar sai ya ce in yi haƙuri, wai tarihi ne, ya kamata ma in yi murna an adana hoton dangina. Ba don an riƙe ni ba, da ranar na yi abin da zan ƙare a hannun hukuma.

Na roƙe su su goge, suka ce sun goge. Ashe wani ɗan garinmu a cikinsu ya yanko wurin ya ɗora masa waƙar barkwanci ya tura wa abokansa. Kafin in ankara bidiyon ya isa Riruwai, har ya shiga wayar gwaggona, yayar mahaifina, wadda take da wayo lokacin da abin ya faru. Na je na same ta ta daina cin abinci. Ta ce ta tuna ranar. Mutane sun riga sun lulluɓe babanta da zane, sai wasu Turawa masu ɗaukar hoto suka sa wani tafinta ya yaye, suka ce sai sun gama ɗauka, ba kuma wanda ya iya musa musu. Ta ce har kakata ta koma ga Allah ba ta yarda an ɗauke ta hoto ba, sai yanzu na san dalili. Mahaifina kuwa ya daina zama a ƙofar gida, don matasa sun fara nuna shi.

Ban yafe wa wanda ya yaye zanen ba, ban yafe wa farfesan da ya yi karatu mai zurfi ya ƙare da dariya a kan gawa ba, ballantana ɗan garinmu da ya mayar da kukan uwa abin raha. Turawan ba su san ta ba, shi fa? Ina kira ga masu tura hoton haɗari da na gawa daga waya zuwa waya, ku ji tsoron Allah. Duk wanda kuka gani kwance a bidiyo yana da 'ya'ya da jikoki, kuma su ma suna da waya a hannunsu.