Yadda Jawabina Ya Kunyata Ciyaman

Har gobe ban manta da safiyar da na tashi na tarar ana cin mutuncina a guruf-guruf na waya ba. Ina tsaka da dama wa yara koko wayar ta fara ƙara ba ƙaƙƙautawa. Na ɗauka wani ne ya rasu. Ashe sunana ne ake wa jana'iza.

Bari in fara yi wa sababbin marubutan cikinku bayani. Ni ba ma'aikaciyar kowa ba ce. Duk wanda ya kawo rubutu yi masa nake: tallan taki na rediyo, takardar neman tallafi, tarihin wani dattijo da 'ya'yansa ke son a buga, jawabin taro. A tsakanin Kura da Bunkure, inda kowa ya san kakar kowa, mai wannan sana'a ba shi da shago, ba shi da allo. Sunansa ne shagonsa. Shi ya sa nake da tsari. Ina zama da mai aiki in ji abin da yake so, in yi rubutun farko, in karanta masa, ya kawo gyara. Ba na sakin aiki sai mutum ya ce "ya yi" da bakinsa a saƙon murya, in adana.

Wanda ya kawo min wannan aikin shi ne Alhaji Ɗanlami, ciyaman ɗin wata ƙungiyar manoman rani. Mutum ne mai murya. In ya yi tari a wannan gefen kanal ɗin da ke kai ruwa gonaki, ana yi masa sannu a wancan gefen. Ƙungiyarsu za ta yi taron shiga noman rani, manyan baƙi za su zo daga Kano, ga kuma zaɓen ƙungiya na tafe. Wani matashi mai suna Sagir yana neman kujerar, yana yawo yana cewa Alhaji ya tsufa.

"Malama Binta," in ji Alhaji, "jawabi nake so mai nauyi. Wanda in na gama, mutanen Kano za su riƙa tambaya a wace jami'a na yi karatu."

Na ce, "Ranka ya daɗe, me kake so a faɗa a ciki?"

"Ke ce marubuciya. Ki sa ruwa, ki sa taki, ki sa ni."

Na sa su duka. Na yi maganar ciyawar da ta toshe ƙananan hanyoyin ruwa, da tsadar taki, da tumatir da ke ruɓewa a kwando kafin mota ta zo. Shi kuma na sa shi daidai gwargwado, yadda ba za a ce ƙarya ce ƙarara ba. A wasu wurare na rubuta masa 'yar tunatarwa da jan rubutu, ta shi kaɗai, kamar inda zai numfasa da inda zai ɗaga kai ya kalli jama'a. Na karanta masa ta waya. Ya turo saƙo yana cewa, "Ma sha Allah! Kamar kin shiga cikina. Ya yi." Sai na tura wa sakatarensa, Malam Ado, don ya buga a takarda.

Ranar taron ina Garun Mallam wurin suna, ban je ba. Washegari da safe ne na ji muryar Alhaji a guruf ɗin manoma, daga nan aka kwashe ta zuwa na 'yan kasuwa, har na matan unguwarmu.

"Jama'a, ina jan hankalinku a kan wata yarinya mai kiran kanta marubuciya. Ta rubuto min jawabi da wata Hausa da ba a san garinta ba. Ta kunyata ni a gaban baƙi. Ina zargin ma turo ta aka yi. Kowa ya yi hattara."

Yarinya! Ni da 'yata ke shirin gama sakandare.

Sai wata ƙawata ta turo min bidiyon taron. Ga Alhaji a tsaye cikin babbar riga, ya riƙe takarda ɗaya tal, ya kai ta nesa da fuska kamar tana wari. Ya gyara murya ya fara: "Ina maraba da manyan ba... ba... ba'i. A madadin wannan ungiya tamu mai albarka..." Ya tsaya, ya harari takardar. "Muna yaba wa o... o'arin manoma." Wani daga baya ya ce, "Alhaji, Hausa za ka yi mana!" Bai kula ba, ya ci gaba da turawa kamar mai tura amalanke a laka. Can sai ya ɗaga murya, da ƙarfinsa duka, ya karanta: "A an dakata a nan, jama'a za su tafa."

Sai mutanen Sagir suka fara tafi, kowa ya kama, har da baƙin Kano, wani yana share hawaye da hularsa.

Ba zan ɓoye muku ba, na yi dariya har kokon ya yi gudaji. Dariyar ba ta daɗe ba. Kafin azahar mai shagon maganin feshi da nake rubuta wa talla ya kira ya ce a ɗan dakata tukuna. Wasu magada da ke son tarihin mahaifinsu suka daina ɗaga wayata. Maigidana, Malam Isa, ya dawo daga masallaci ya ce a majalisa an fara kiransa mijin sakatariyar ungiya.

Na zauna na rubuta martani. Wallahi a duk shekaruna a sana'ar nan ban taɓa rubutu mai daɗinsa ba. Kowace jimla tana da haƙori. Na shirya in haɗa da saƙon Alhaji na "ya yi" in watsa a duk inda muryarsa ta shiga. Na miƙa wa Malam Isa ya karanta don ya yaba.

Ya karanta ya ce, "Ya yi kyau. To in kin tura, gobe wane Alhajin ne zai sake ba ki sirrinsa ki rubuta? Kowa zai ce ga mai ajiye murya tana jiran rana."

Na ce, "To in yi shiru ya kashe min sana'a?"

"Ban ce ki yi shiru ba. Ɗauko mayafinki."

Ya ɗora ni a babur muka bi gefen kanal har inda Alhaji ke shanya shinkafa. Muka same shi a tabarma ƙarƙashin mangwaro, Malam Ado na gefensa. Da Malam Ado ya hango ni, nan take ya tuna yana da uzuri a Bunkure.

Na ce, "Malam Ado, zauna. Har da kai na zo."

Muka gaisa da Alhaji, gaisuwa mai tsawo, har da tambayar iyali da ruwa da amfanin gona, kamar ba shi ne ya yanka ni ɗazu-ɗazu ba. Sannan na ce, "Ranka ya daɗe, na ji ƙorafi, kuma ƙorafin mai aiki hakkinsa ne. Amma ba na iya gyara abin da ban gani ba. A nuna min takardar da aka karanta."

Ya zaro ta daga aljihu a dunƙule ya jefo min. Na warware. Jawabin da na tura mai shafi da yawa an matse shi a shafi guda, rubutun ya koma kamar na jikin kwalin magani. Duk inda harafi mai ƙugiya yake, ƙa ko ɗa ko ɓa, babu shi, sai wani ɗan akwati fanko a gurbinsa. Jan rubutun kuma ya fito baƙi kamar sauran.

Na juya na kalli Malam Ado.

Ya ce, "Alhaji ne ya ce ba ya son riƙe takardu da yawa kamar ɗan jarrabawa. Sai na ce wa mai shagon kwamfuta ya haɗe su. Akwatunan kuma na ɗauka ado ne."

"Ado ne kam," in ji Malam Isa, a hankali.

Na ciro nawa kwafin, mai manyan haruffa, kowace ƙugiya a wurinta, na miƙa wa Alhaji. Na ce ya duba layin farko ya ga ko Hausar tana da gari. Ya karɓa. Ya miƙa hannu yana nesanta takardar da idonsa. Ya ƙara miƙawa. Da hannun zai ƙara tsawo da ya kai ta bakin kanal. A nan ne na ga ƙafar tabarau ta leƙo daga aljihun gaban rigarsa.

"Ranka ya daɗe, ga tabarau nan."

"Na Hajiya ne."

"A aljihunka?"

Ya kori wata kaza daga kan shinkafa da ba ta ma kai gare ta ba. Sannan ya rage murya, abin da ban san yana iyawa ba, ya ce, "Malama, in na sa wannan abin a gaban jama'a, Sagir ya gama cin zaɓe."

Sai na ji haushin ya ragu, amma bai tafi ba, don tausayi ba ya dawo da mai maganin feshi. Na ce, "Maganar tabarau ta mutu a nan. Amma inda aka ɓata ni, can za a wanke ni."

"Ni in ba ki haƙuri a guruf? Da furfurata?"

"Ban nemi haƙuri ba. Gaskiya na nema." Na kunna masa saƙonsa na "kamar kin shiga cikina", shi kaɗai, ba tare da na ƙara ko kalma ba.

Ya saurara har ƙarshe, ya gyaɗa kai. "Ashe muryata tana fita da kyau a waya."

A gabanmu ya danna wayarsa ya yi sabon saƙo. Ga abin da ya ce: "Jama'a, bayan bincike mai zurfi da na gudanar da kaina, an gano ba laifin Malama Binta ba ne. Injin bugawa ne. Waɗanda suka ƙera shi ba su san ƙa da ɗa ba. Malama gwana ce, kowa ya kai mata aiki. Na yafe mata."

Ya yafe min! Na buɗe baki, Malam Isa ya taka min ƙafa. Na ce, "Godiya nake, ranka ya daɗe."

Saƙon wankewar bai yi yawon da na zagin ya yi ba, don ba wanda ke gaggawar tura labarin an daidaita. Amma ya isa inda nake buƙata. Mai maganin feshi ya kira yana cewa shi dama bai taɓa yarda ba. Magadan nan kuwa sun kai aikinsu wani wuri, ba su dawo ba.

Alhaji da kansa ya ba ni jawabin ranar zaɓe. Wannan karon ni na je na tsaya a kan mai shagon kwamfutar har ya buga, haruffa manya-manya kamar na allon makaranta, muka yi gwaji a zauren Alhaji. Ya karanta shi tsaf, ba tuntuɓe, aka tafa a inda ya kamata ba tare da an roƙa ba. Ya faɗi zaɓen duk da haka. Ya kira ni ya ce jawabin ne ya yi sanyi. Amma a waya ya faɗa, ni da shi, ban ji a guruf ba. A sana'ar nan wannan ci gaba ne. Sati bai zagayo ba Sagir ya aiko yana son jawabin kama aiki.

Abin da nake so ku riƙe shi ne, ba kowane ƙorafi ne a kan rubutunku yake ba. Wani gyara ne na gaske, ku karɓa da hannu biyu. Wani kuwa mutum ne ya sha kunya a bainar jama'a, ya waiwaya yana neman wanda zai ɗora wa, kuma marubuci ne kaɗai ba ya wurin da zai kare kansa. Kada ku amsa masa a inda ya yi ihun. Ku je ku same shi a zaune, ku ce a nuna muku abin da ya lalace. Ku nemi a gyara sunanku, wannan hakkinku ne, kada ku bari. Amma in kun tsaya jiran babban mutum ya ce "na yi kuskure", ku tafi da tabarma da abinci, don za ku daɗe.